Tanderu Ɗaya, Surukai Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda tun kafin in kama lasifika ya fara duban agogo. Mai girma Shugabar wannan cibiya ta binciken kayan ƙere-ƙere, wadda Allah ya ba haƙurin da ba a karanta shi a jami'a. 'Yan kwamitin ba da lambar yabo. Shehunan malamai, injiniyoyi da ma'aikatan ɗakunan gwaji. Manyan baƙi maza da mata. Ɗalibai da suka zaɓi kujerun da ke kusa da teburin abinci. Yayana, wanda ke zaune a ƙarshen layin gaba ta hannun dama. Maigidana, wanda ke zaune a ƙarshen layin nan ta hannun hagu. Da bayin Allah da aka jera a tsakaninsu domin taro ya tashi lafiya, ina gaishe ku baki ɗaya da gaisuwa ta girmamawa.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga kwamiti da ya duba aikin mutanen nan biyu ya ga ya cancanci yabo, ya kuma yi ƙarfin halin rubuta sunayensu a kan allo ɗaya, abin da ni kaina ban isa in yi a kan katin gayyata ba. Ina godiya ga Shugabar cibiya da ta ce a ba iyali dama su ce wani abu. Da ta nemi wanda zai yi magana a madadin iyalin wanda ya ci lambar na farko, aka nuna ni. Da ta nemi na iyalin na biyu, aka sake nuna ni. Ɗaya mijina ne, ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya muke, saboda haka duk inda aka jefa maganar a kaina take sauka.

Ni likitar haƙori ce. A wurin aikina mutum ne yake buɗe baki ni kuma in yi ta magana, ba ya iya amsa mini sai da ido. A gida kuwa abin juyawa yake yi, ni ce mai riƙe da baki a buɗe ana zuba mini ilimi. Don haka kada shehunan malamai su yi mamaki idan suka ji ina ambaton tanderu da mazubi kamar 'yar gida. Ban karanta ba, ɗura mini aka yi, da safe a kan shayi, da rana a waya, har a cikin mota ana jiran fitila ta ba da hannu.

Maganata ta farko domin baƙi ce, waɗanda aka gayyato suka zo suka yi tafi ba tare da sun san abin da suke tafa wa ba. Abin da mutanen nan suke yi shi ne, suna ɗauko garin wata roba mai santsi, irin wadda ake shafe cikin kaskon suya da ita don kada abinci ya kama, su haɗa da garin wani ƙarfe mara nauyi. Su cakuɗa har sai fari da toka-toka sun zama launi ɗaya. Su zuba a mazubi, inji ya danne shi ya fito ɗan dunƙule kamar murfin kwalba. A wannan mataki ba shi da wani ƙarfi, ko da farce ka karce shi zai zube. Sai a sa shi a tanderu a gasa, robar ta narke ta kama jikinta ta rungume ƙwayoyin ƙarfen. Idan ya huce, sai a kai shi ƙarƙashin wani babban inji mai faranti biyu, a matse shi a hankali har ya lalace. Jama'a, wannan shi ne aikin. Su sha wahala su gina abu, su kuma sha wahala su murƙushe shi, a ƙarshen wata a ce sun yi ƙoƙari.

Amma kada dariya ta ɗauke mu. Wannan haɗin ba na wasa ba ne, domin idan ya sha matsi ko bugu yadda ya kamata yana iya kamawa da wuta nan take. Duk wanda zai ajiye shi, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya yi aiki da shi, yana bukatar sanin nauyin da zai iya ɗauka, da yadda yake karyewa, da lokacin da yake ƙonewa. Amsar wannan tambaya tana iya zama ran wani. Shi ya sa ban taɓa raina aikin ba, masu aikin ne dai wani lokaci suke ba ni haushi.

Maganata ta biyu ita ce inda aka rabu. Maigidana da Yayana ba baƙin juna ba ne. Tare suka yi karatu, tare suka kama aiki a nan, Yaya ne ma ya fara kawo shi gidanmu cin abinci, yana cewa ga wani yaro mai ƙwaƙwalwa amma ba ya ƙoshi. Ni na zuba masa abinci a ranar, kuma har yau ban daina ba. Sun yi shekaru suna shiga mota ɗaya, suna shan shayi a kofi ɗaya idan ɗayan ya ɓace. Sai aka kawo musu wannan haɗi aka ce su gano halinsa.

Maigidana ya matse nasa dunƙulen, ya ga ba ya tsagewa da wuri. Lotsewa yake yi, yana bajewa, yana kumbura ta gefe, yana ɗaukar nauyi a kan nauyi, sai can a ƙarshe ya fashe gaba ɗaya da ƙara, wani lokaci har da walƙiyar wuta da baƙin hayaƙi. Ya ce to, halin abin ke nan, mai juriya ne amma ƙarshensa ba kyau.

Yaya ya matse nasa, ya ga ya tsaya ƙiƙam da farko kamar ba za a iya da shi ba, sai kuma tun nauyi bai yi nisa ba ya tsage a karkace, ya rabu gida biyu shiru, ba ƙara ba wuta. Ya ce to, halin abin ke nan, mai taurin kai ne amma ba shi da ƙwari.

Gari ɗaya, daga buhu ɗaya. Mazubi ɗaya. Injin dannawa ɗaya, an saita shi a wuri ɗaya. Tanderu ɗaya, zafi ɗaya, tsawon gashi ɗaya. Injin murƙushewa ɗaya. Amsa biyu. Da mutane ne irina da ku, da sun zauna sun ce zo mu yi tare mu gani. Amma su masana ne, saboda haka sai suka tafi babban taro na masana suka yi a gaban jama'a. Maigidana ya gama bayaninsa ana tafi, Yaya ya ɗaga hannu ya ce, "Ina da tambaya ɗaya. Yaushe rabon mai jawabi da ya ga likitan ido?" Maigidana, wanda a gida ko kaza ba ya iya kora, ya gyara tabarau ya ce, "Idona lafiya lau. Da shi na ga ƙanwar mai tambaya."

Na ji wasu suna dariya. A ranar ma an yi dariya, kuma dariyar ce ta ɓata komai, domin Yaya yana iya yafe zagi amma ba ya yafe a yi masa dariya.

Daga nan cibiyar nan ta rabu gida biyu. Ɗalibai suka zama 'yan Lotsewa da 'yan Tsagewa. Ɗan Lotsewa ba ya shiga ɗakin gwaji idan 'yan Tsagewa suna ciki. Na ji labarin saurayi da budurwa da suka fasa magana saboda ita ta ce tana ganin dai abin tsagewa yake yi. Shugabar cibiya ta sa an kira masu gyara sun kwance injin murƙushewa sun ɗaure, ba su ga laifinsa ba. Aka sauya buhun gari, aka sauya ma'auni, har aka sauya mai sayo kayan. Na Maigidana ya ci gaba da lotsewa, na Yaya ya ci gaba da tsagewa, kowa ya ƙara tabbata ɗan'uwansa ko dai makaho ne ko maƙaryaci.

Maganata ta uku ba ta kimiyya ba ce, amma saboda ita na yarda na hau kan wannan dandamali. Bayan wancan taro na yi dabara irin ta mata, na haɗa su cin abinci a gidana, na ce ai idan ciki ya cika zuciya za ta yi sanyi. Ba a kai ga cika cikin ba. Maigidana ya ɗauki yankan burodi ya danne shi da tafin hannu yana nuna yadda dunƙule yake bajewa. Yaya ya ɗauki biskit ɗin yara ya karya a gaban hancinsa. Kafin in kawo ruwa Yaya ya miƙe ya sa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Auta, ki shaida. Ƙafata ba za ta ƙara taka cikin gidan nan ba sai ranar da mijinki ya buɗe baki ya ce ni ne da gaskiya." Na ce, "Yaya, a kan murfin kwalba?" Ya ce, "A kan gaskiya."

Na ɗauka fushin mako ne. Duk wanda ya san Yaya ya san ban san lissafi ba.

A lokacin Innarmu tana da ƙafarta, tana zaune a gidanta, kowa yana zuwa ya gaishe ta a lokacin da ya san ɗayan ba ya nan. Sai Inna ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Aka yi aiki, ƙashi ya haɗu amma tafiya ba ta dawo ba. Gidan Yaya a saman bene yake, nawa a ƙasa, ni ce kuma mai ɗan sanin jinya, don haka aka kawo ta wurina. Maigidana da hannunsa ya kwashe littattafansa daga ɗakin da ya fi iska ya ce nan ne ɗakin Inna. Wannan ina faɗa ne domin Yaya ya ji, ko da yake na san yana duban silin.

To, sai rantsuwa ta zo ta tsaya tsakanin uwa da ɗanta. Yaya ba ɗan banza ba ne, yana son Inna fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa. Amma ya ce ƙafarsa ba za ta taka cikin gidan ba, kuma shi injiniya ne, sai ya auna ya ga tagar ɗakin Inna tana kallon titi, titi kuwa ba cikin gida ba ne. Sai ya riƙa zuwa yana tsayawa a bakin kwalbati, ya kama ƙarfen taga, ya ɗaga murya ya ce, "Inna, ina wuni?" Inna ba ta ji sosai, sai ta ce mini, "Wa ke tallan kaya?" In ce Yaya ne. Ta ce, "Ki ce ya shigo mana." In ce ya ce ba zai iya ba. Ta ce, "Ƙofar ce ta ƙanƙance ko shi ne ya yi ƙiba?" Babban malami, mai ɗalibai bila adadin, yana maƙale a taga yana miƙo lemo ta tsakanin ƙarafa, masu wucewa suna rage tafiya su ga ko ɓarawo ne. Akwai ranar da sabon maƙwabci ya fito masa da sanda.

Muna dariya, mu ma a gida mun yi. Amma ni ce nake ganin fuskar Inna bayan ya tafi. Hasken waje yana bayansa, idonta kuma ya yi rauni, ba ta ganin komai sai inuwar mutum. Ba ta iya kama hannunsa, ba ta iya jin abin da yake cewa sai na maimaita mata. Ta taɓa ce mini, "Auta, na haifi ɗa, yanzu sai dai a ba ni labarinsa." Wannan magana ta yi mini ciwo, kuma har yanzu tana yi.

Maganata ta huɗu, ko ta biyar, shugaban taro ya fi ni riƙe lissafi, ita ce ta tanderu. Cibiyar nan tanderu ɗaya gare ta mai iya wannan gashi. Tun farkon aikin Maigidana ne yake fara gashi, ya yi maza ya kwashe nasa ya ba Yaya wuri. Da rigima ta yi tsami, Shugaba ta raba musu shi a hukumance, Maigidana da safe, Yaya da rana. Ku saurari abin da ya riƙa faruwa, domin a nan duk lambar yabon take. Lokacin Maigidana yana gab da cika, Yaya zai zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Ba zai yi sallama ba, tunda ba sa magana. Zai yi gyaran murya, ya kaɗa makullan motarsa, ya sake gyaran murya. Maigidana kuwa ba ya son a ce ya ci lokacin wani, balle na wannan wanin. Da gashi ya cika sai ya zura safar hannu mai kauri, ya fizgo tiren da zafinsa, ya aje a bakin taga ƙarƙashin fanka, ya fice ta ɗaya ƙofar. Kafin ya sha ruwa dunƙulensa sun huce.

Yaya kuwa shi ne na ƙarshe, babu mai jiransa, babu mai kaɗa masa makulli. Idan gashinsa ya cika sai ya kashe wuta, ya rufe ɗaki, ya tafi gida. Dunƙulensa su kwana a cikin tanderu suna hucewa a hankali tare da shi, sai washegari ya kwashe.

Babu ɗayansu da ya ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na aikin. A wurinsu aiki ya ƙare da an kashe wuta, abin da ya biyo baya kwashe kaya ne kawai. Sun auna komai har ƙurar da ke kan ma'auni, amma babu wanda ya auna gyaran muryar Yaya. Kuma da yake ɗan Lotsewa ba ya leƙa ɗakin a lokacin 'yan Tsagewa, babu mahaluki ɗaya a cibiyar nan da ya taɓa lura da bambancin yadda ake fitar da tire biyun.

Abin da ya tona asirin kuwa Inna ce, ba tare da ta sani ba. Yaya ya gaji da haɗuwa da motar Maigidana a ƙofar gida, sai ya je wurin Shugaba ya ce a mayar da shi safe, a mayar da ɗayan rana, domin ya samu ya riƙa zuwa tagarsa cikin kwanciyar hankali alhali mai gidan yana wurin aiki. Shugaba ta amince. Maigidana ya ga dama ta samu. Ya je ya sayo wata ƙatuwar sarƙar makulli, har da makullan da ba su buɗe komai, ya fara tsayuwa a bakin ƙofa yana rama gyaran murya na shekaru. Yaya, wanda shi ma ba ya son a ce ya ci lokacin wani, ya fara fizgo tire da zafinsa yana ajewa ƙarƙashin fanka. Maigidana kuma ya zama na ƙarshe, ya kashe wuta ya taho gida.

Ba a daɗe ba na ga Maigidana ya daina cin abinci. Wata safiya ya tura kofin shayi gefe, ya duba hagu da dama kamar mai shirin faɗin laifin kisa, ya ce, "Likita, ki rufa mini asiri. Dunƙulena sun koma na Yayanki. Tsagewa suke yi, a karkace, shiru." Na ce, "To ka gaya masa mana." Ya ce, "In mutu?"

A cikin makon nan aka ce mini ga wani mara lafiya yana ciwon haƙori, ya ƙi bin layi. Ina shiga na tarar da Yaya a kan kujerata ya ja hula har goshi. Na ce ya buɗe baki, na duba, haƙoransa sun fi nawa lafiya. Ya kama hannuna ya ce, "Auta, abin da zan faɗa kada ya fita daga ɗakin nan. Nawa sun fara lotsewa." Ya ɗaga hular, sai na ga rabin girarsa babu. Ya ce, "Jiya ɗaya ya yi wuta. Na leƙa ne in tabbatar ba zai yi ba."

Jama'a, ku duba halin da na shiga. Kowannensu ya sa na yi alkawari. Ina kwana da asiri ɗaya, ina wuni da ɗaya, kuma ban san dalilin ko ɗaya ba, ni dai na san gidanmu ya haukace ta gefe biyu.

A nan zan ba su haƙƙinsu, domin duk tsiyar da na yi musu masana ne na gaskiya. Babu wanda ya ɓoye sakamako ko ya gyara lamba don ya tsira da mutuncinsa. Kowannensu ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa me ya sauya, ya bi aikin mataki mataki har ya iso kan tire da fanka. Kowannensu ya gasa dunƙule a zubi ɗaya ya raba biyu, rabi ya fitar da zafi, rabi ya bari ya kwana. Na fanka suka lotse suka jure, na kwana suka tsage. Suka yanka suka duba a madubin ƙara girma, suka ga robar da ta huce a hankali ta samu lokacin jera kanta a tsare, ta yi tauri amma ba ta miƙewa, wadda ta huce da gaggawa kuwa ta tsaya a cukurkuɗe, tana miƙewa kamar zare tana riƙe ƙwayoyin ƙarfen har nauyi ya taru ya yi yawa, shi ya sa idan ta saki take saki da ƙarfi. Ashe haɗin nasu ba shi da hali ɗaya da aka haife shi da shi. Yadda aka danne shi, yadda aka gasa shi, da yadda aka bar shi ya huce, su ne suke yanke irin nauyin da zai ɗauka da irin karyewar da zai yi. Wannan ne abin da kwamiti ya yaba, kuma na ji an ce ya riga ya sauya yadda ake duba irin waɗannan kaya kafin a ajiye su.

Za ku ce to, rigima ta ƙare. Haka ni ma na ce, har na sayo kaji. Sai Maigidana ya shiga ofishin Shugaba ya ce, "Ranki ya daɗe, a sa sunan surukina shi kaɗai. Shi ne da gaskiya tun farko, domin barin abu ya huce a cikin tanderu shi ne aiki na tsari, nawa gaggawa ce." Yana fita Yaya ya shiga ya ce, "Ranki ya daɗe, a sa sunan mijin ƙanwata shi kaɗai. Shi ne da gaskiya, domin shi ya fara ganin wutar, wutar kuwa ita ce abin tsoro. Ba zan karɓi sadakar gaskiya daga hannunsa ba." Aka kai wa kowa abin da ɗayan ya ce, kowa ya fusata. Maigidana ya ce, "Wane ne shi da zai ce ni ne da gaskiya?" Yau ga mu nan. Shekaru suna gaba saboda kowa ya ce shi ne daidai, yanzu suna gaba saboda kowa ya ce ɗayan ne daidai, kujerun da ke tsakaninsu kuwa ko ɗaya ba ta ragu ba.

Saboda haka ina da roƙo ga wannan taro mai albarka. Ku shehunan malamai, ku 'yan kwamiti, ku ɗalibai 'yan Lotsewa da 'yan Tsagewa, ku zama shaidu. Yaya ya ce ba zai taka gidana ba sai Maigidana ya ce shi ne da gaskiya. Maigidana ya faɗa, a gaban Shugaba, ga ta nan tana ɗaga kai. Rantsuwar ba ta ce sai Yaya ya amince da maganar ba, ni ce aka sa shaida, kuma ina tuna kowace kalma. Yaya, sharaɗinka ya cika. Idan ka ci gaba da tsayuwa a bakin kwalbati daga yau, ba rantsuwa ce ta tsayar da kai ba.

Akwai kuma gaisuwa ɗaya da na riƙe ban yi ba a farkon jawabina, ba don mantuwa ba. Bayan Maigidana ya fito daga gida ɗazu yana ta gyara wuyan riga, na shirya Inna na kawo ta. Tana can baya, kusa da ƙofa, a kan kekenta. Rabonta da fita tun ranar da aka sallamo ta daga asibiti. Inna, barka da zuwa, ki yafe mini da na bar ki a ƙarshe.

Yaya, zauna tukuna, ban gama ba. Kai ma Maigida zauna.

Da muka shigo na nuna mata layin gaba, na ce ga allon yabo can a kan tebur. Ta ce ba allo ta zo gani ba. Ta sa na tura ta gefe inda fitila take haska ku, ta daɗe tana kallo, sannan ta jawo ni ta ce, "Auta, wancan mai farin kan shi ne Yayanki?" Na ce shi ne. Sai ta ce, "Ya yi furfura ban sani ba."

Zauren nan a saman matakala yake, kun hau kun gani. Waɗanda suka taimaka mini muka ɗago ta na yi musu godiya na sallame su, kuma ina roƙon kowane namiji mai ƙarfi a ɗakin nan, idan aka tashi, ya sa hannunsa a aljihu. Keken Inna mutum ɗaya ba ya iya sauko da shi, sai ɗaya ya kama dama ɗaya ya kama hagu, kuma dole wanda ya ga ɗan'uwansa zai yi tuntuɓe ya buɗe baki ya gaya masa. A ƙofar gidana ma akwai matakala, daga nan kuma sai an ɗaga ta an kwantar a gado. Ni ba zan iya ba, bayana yana ciwo. Allon yabo ku bar shi, ni zan ɗauko.

Allah ya saka wa shugaban taro da alheri bisa lokacin da na ci masa. Allah ya ƙara wa Shugabar cibiya lafiya, ya hore mata tanderu na biyu. Allah ya sa wa ilimin da ake nema a gidan nan albarka, ya tsare masu aiki da wuta daga wuta, ya ba ɗalibai sa'a. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda suke raye kuma ya ba mu ikon zama kusa da su tun suna iya gane mu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ga shi sun miƙe tun ban ce amin ba. A buɗe musu hanya ta tsakiya, don Allah. Yaya, a hankali, tana nan ba inda za ta.

Na gode.